Turaren Kafinta

A unguwarmu ta Hausawa da ke New Bell, matar da mijinta ya rasu ba ta amsa maganar sabon aure da baki, da turare take amsawa. Duk tsawon takaba ba ta shafa komai mai ƙamshi, ko wanka sai da sabulun wanki. Ranar fita, bayan an yi mata wanka an ba ta sabon zane, sai a ajiye tiren turaruka a gabanta, mata na zaune suna kallo. In ta ɗauki humra mai zaƙi ta shafa a wuya, an gane, sai guɗa, mai nema ya aiko da manyansa. In ta ture tiren ta ce a bar ta tukuna, wannan ma an gane, kunya ce, a dawo bayan 'yan watanni. Ban san ko haka ake yi a Kano ba, ban taɓa zuwa ba. Mu ko kakanmu a Duwala aka haife shi.

Baba akawu ne a wani kamfanin fiton kaya da ke tashar jiragen ruwa, mutum mai taye da jakar hannu, wanda in ransa ya ɓaci sai ya koma Faransanci. Da shekarun nan na matsin tattalin arziki suka shigo, waɗanda har tsofaffin da ba su jin Faransanci suke kira la crise, kamfanin ya rage ma'aikata da shi a ciki. Ya zauna a gida kusan shekara biyu yana sauraron rediyo yana gyara wa masu karanta labarai nahawu, har hawan jini ya ƙarasa shi. Ya bar mana gidan katako, ni da ƙannena maza biyu da Mama, da kwat-kwat ɗinsa cike da kabad. Ina lise a lokacin, wato babbar sakandare, saura shekara biyu in gama. Don kada in bar karatu ne Baba ya sayar da firji, ya sayar da talabijin, ya sayar da agogonsa. Bayan rasuwarsa babu sauran abin sayarwa. Ko zan koma aji idan an buɗe makaranta, ba wanda ya iya faɗa mini, ni kuwa ba abin da nake so a duniya sai wannan.

Sai ga buhun albasa a ƙofar gidanmu. Wani Alhaji ne daga unguwar Kassalafam ya aiko, mai sauke albasa mota-mota daga Garwa da Marwa. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa duk sun girma. La crise ta karya masu ofis da masu shagunan atamfa, shi ko ta kewaye shi ta wuce, don duk talaucin mutum sai ya yanka albasa a miya. Addini bai yarda a nemi mai takaba ƙarara ba, amma bai hana buhun shinkafa ba, bai hana galan ɗin mai ba. Yayarsa ce ke rako kayan, wata Hajiya mai ƙiba da haƙorin Makka. Takan zauna ta yi wa Mama ta'aziyya sabuwa fil kamar jiya aka yi rasuwar, sannan ta juyo kaina.

"Ke ce mai karatun? C'est bien, ma fille. Alhaji yana son yaro mai karatu. Shi bai samu ya yi ba, abin yana damun shi har yau."

Mama ba ta cewa komai sai an gode. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma hira da ni, balle in tambaye ta abin da ke ranta. Amma ni na gama lissafina. Alhaji ba mugu ba ne, na bincika. Ba ya duka, ba ya bin mata, aibinsa kawai duk inda ya zauna sai wurin ya kwana yana warin albasa. Ina son auren nan ƙwarai, har addu'a nake yi masa a sujada.

Wadda za ta shirya tiren ranar fita ita ce Gwaggo, yayar Baba, don sana'arta ke nan. Ita ke haɗa wa rabin unguwa turare, na amare da na masu jego da na matan da mazansu ke tafiye-tafiye. Kwalabenta na can sama a kan kanta, kusa da rufi, saboda ruwan da ke shigo mana ɗaki kowace damina ba ya neman izini. Ba ta da haƙuri ko kaɗan. Mace ta tsaya tana sansane-sansane, sai ta ce, "Ke, hanci ɗaya Allah ya ba ki, ki yi aiki da shi ki ba ni wuri."

Tana da wata ƙa'ida da ke ɓata wa masu saye rai. Turaren da mace ba ta taɓa shafawa ba, Gwaggo ba ta sayar mata da shi nan take. Sai ta ɗiga mata a wuyan hannu, ta ce ta taka a ƙasa zuwa Marché Central, babbar kasuwa, ta dawo, ban da taksi. In ta dawo sharkaf da gumi, Gwaggo ta kama hannun ta sansana, sannan ta yanke hukunci, ya karɓe ta ko bai karɓe ta ba. Ta ce turare a kwalba maƙaryaci ne, kuma wanda aka haɗa don garin da iska ke bushe, in ya gamu da zufar Duwala sai ya koma wani abu dabam. In ta ce bai karɓe ki ba, ko ninki biyu kika biya ba za ta ba ki ba. Mata da yawa sun yi fushi sun tafi wurin masu turaren kanti, su sake dawowa.

Kayan haɗinta daga nesa suke zuwa, sandal da hawi da farce daga Maiduguri da Njamena, miski a jakunkunan alhazai. Da darajar kuɗinmu ta faɗi, hanyoyi suka lalace da shingaye, kayan suka gagara. Abin da ya rage mata ta ɓoye don amare. Amma ita ba mai zama ba ce. Ta fara yawo a rumfunan kafintocin da ke bakin titin jirgin ƙasa tana tsintar ɓawon katakon da randa ta fitar, tana sansanawa, yaran kafintocin na yi mata dariya. Wani jan katako na kurmi ta zaɓa, wanda ake yin ƙofofi da shi. A wurin matan ƙabilar Bamileke ta sayo ƙaron atili, wanda su hura wuta suke yi da shi. Ta ƙara saiwar jema, da ɗoɗɗoya, da sitronel, ciyawar nan da ake dafa wa mai zazzaɓi. Ta turara, ta jiƙa a mai, ta ajiye a duhu har ta kusa mantawa.

Ranar da ta buɗe ina wurin. Da farko ɗaci ne ke dukan hanci, ɗanye shar, kamar an yanke ciyawa. In ya lafa sai katakon ya taso, irin ƙamshin rumfar kafinta bayan an ɗauke ruwa. Can ƙasa akwai ɗan hayaƙi. Zaƙi kuwa babu ko ɗigo. Ban ce ba daɗi ba, amma ban ga abin da mace za ta yi da shi ba. Maƙwabciyar Gwaggo ta leƙo ta katanga ta ce, "Yau kuma kujeru ake ƙerawa a gidan?" Daga nan sunan ya bi shi, turaren kafinta.

Wata amarya mai ƙarfin hali ta matsa sai an ɗiga mata. Ba ta ma kai kasuwa ba, ta biya gida, angon ya taɓa goshinta ya tambaye ta tun yaushe zazzaɓin ya kama ta. Labarin ya zaga unguwa kafin la'asar. Aka riƙa tsokanar juna da shi, mace ta ce wa ƙawarta in mijinki ya dame ki je ki karɓo na kafinta ki huta. Cikin duk waɗanda suka gwada, mutum biyu kawai na san ya karɓa. Ɗaya unguwarzoma ce a asibitin gwamnati, mace doguwa marar fara'a da ta rabu da mijinta tun muna yara. Ɗayan ma namiji ne, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda ya zo saya wa 'yarsa humra ya ji ƙamshin ya tsaya cak. Shi ma sai da ya taka zuwa kasuwa da sandarsa. Na tambayi Gwaggo me ya haɗa waɗannan biyun.

"Sauran turarukan duk kira suke yi," in ji ta. "Zo nan, zo nan. Wannan ba ya kiran kowa. Mai shi ne kaɗai ke jin daɗin shi."

Ranar fitar Mama ta faɗo a tsakiyar damina, amma aka yi sa'a gari ya waye ba ruwa, sai zafi mai nauyi. Tsakar gidanmu ya cika da mata. Hajiya ta zo da wuri, ta samu kujera mafi kyau, ta kawo atamfa a leda ta ajiye kusa da ƙafarta inda kowa zai gani. Ni na ɗauko tiren daga gidan Gwaggo, na san abin da ke kai. Humra ce iri uku, har da wadda aka haɗa da ragowar sandal na gaske, wadda Gwaggo ta hana amare da yawa. Ita ma tana son auren, ba ta ɓoye ba. 'Ya'yan ƙanenta ne za su ci.

Aka fito da Mama. Ta rame, ta yi haske saboda zaman ɗaki. Ta zauna a tabarma, na ajiye tiren a gabanta na koma gefe. Ta dubi kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa ko ɗaya ba, ba ta kuma ture tiren ba. Sai ta ɗago kai.

"Yaya, ina na kafintan?"

Aka fashe da dariya. Kowa ya ɗauka wasa ne, har Hajiya ta tafa hannu ta ce ashe takaba ba ta cinye barkwancin ba. Mama ba ta yi dariya ba. Da dariyar ta mutu, Gwaggo ta ce, "Amaryarmu, wannan ba na irin wannan rana ba ne." Haka take kiran Mama tun ranar da aka kawo ta gidan.

"Shi nake so, Yaya."

"Ba ki taɓa shafa shi ba."

"To a ɗiga mini."

Gwaggo ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta aike ni, na je na ɗauko kwalbar daga kan kanta. Ta ɗiga wa Mama a wuyan hannu. Na zaci a rana irin wannan, da baƙi cike da gida, za a bar maganar ƙa'ida. Gwaggo ta nuna ƙofa da haɓa.

"Kin san hanya. Ban da taksi."

Wata tsohuwa ta ce haba, a bar mutane zaune? Gwaggo ta ce su zauna, akwai kunu. Mama ta yafa mayafi ta miƙe. Tunda ba a barin mai fita takaba ta fita ita kaɗai, aka ce in bi ta.

Wannan ne karo na farko da ta taka titi tun rasuwar Baba. Tana gaba ina baya. Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma yi mini magana ba. Muka bi ta kan katakan da aka shimfiɗa a kan lambatu, muka wuce masallaci, muka fita babban titi. Garin ya sauya a 'yan watannin nan, na ga tana lura. Shagon da Baba ke sayen jarida an rufe shi da kwano. Babura masu ɗaukar fasinja sun cika ko'ina, waɗanda da babu su. A bakin kasuwa wani abokin aikin Baba ya shimfiɗa leda yana sayar da takalman gwanjo, da tabarau ɗinsa da komai. Ya gan mu ya sunkuyar da kai yana gyara takalman, Mama ma ta kau da nata. Ta tsaya a wurin masu wake ta tambayi farashi, ta tsaya a wurin masu fulawa ta tambaya, ba ta sayi komai ba. A lokacin ban gane dalilin tambayar ba.

Ni abin da nake yi a bayanta addu'a ce. Allah ka sa ya ƙi ta. Allah ka sa ya yi tsami a jikinta, ya yi warin magani, Gwaggo ta yamutsa fuska ta ce a kawo ruwa a wanke. Na ga yadda ya yi wa mata da yawa haka. A hanyar dawowa iska ta ɗan kaɗo daga wajenta zuwa wajena, na ji shi. Ɗacin ya tafi. Abin da ya rage wani ƙamshi ne mai sanyi, natsattse, wanda ban taɓa ji a kwalbar ba. Ban san turare ba, amma ko ni na gane. Sai na sauya addu'ar, na koma roƙon Allah ya sa Gwaggo ta yi ƙarya.

Muka shiga gida, mata suka yi tsit. Mama ta miƙa hannu. Gwaggo ta kama ta sansana, ta saki, ta sake kamawa ta sansana. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi ƙannena da ke raɓe a bakin ƙofa. Kalma ɗaya ce tsakanina da aji, kuma ba wanda zai ƙaryata ta, don ba mai hancin da zai yi musu da nata a New Bell. Na ga bakinta ya motsa ya tsaya.

"Ya karɓe ki," in ji ta, da muryar wadda aka yi wa laifi. Ta tura wa Mama kwalbar. "Ɗauki abinki."

Mama ta shafa a wuya da bayan kunne, a hankali, a gaban kowa. Ba a yi guɗa ba. Ba wanda ya san abin da ake yi a irin wannan hali, don ba a taɓa yi ba, amma ba wanda bai gane amsar ba. Da ta ture tiren, da an ce kunya ce a dawo. Wannan kuwa babu dawowa a cikinsa. Hajiya ta shanye kununta tsaf, ta miƙe, ta ɗauki ledar atamfar, sai kuma ta yi tunani ta ajiye ta. Ta ce wa Mama Allah ya sa haka ne mafi alheri. Da ta zo wucewa ta gabana ta dafa kafaɗata ta ce, "Ashiya, ma fille." Ita kaɗai ce ta yi mini jaje a ranar.

Alhaji ya auri wata bazawara daga wajen kasuwar Dakar ta nan Duwala kafin ƙarshen shekara. Ya sake aiko mana da buhun albasa sau ɗaya bayan haka, don kada a ce. Gwaggo ta yi wata guda ba ta shigo gidanmu ba, da ta dawo kuma ba a sake tayar da zancen ba. Mama ta sayar da kwat-kwat ɗin Baba ta sayi kasko da buhun fulawa, ta fara suyar fanke, wanda a nan ake kira makala, da wake da koko, a bakin titi kusa da inda babura ke tsayawa. Abin da ake samu ya isa ci, ya isa makarantar firamaren yaran biyu. Bai isa lise ba. Ranar da aka koma makaranta ina bakin titi ina zuba wa mutane wake, 'yan ajinmu suka wuce cikin yunifom. Wasu sun gaishe ni, wasu sun saya.

Na yi fushi, fushi mai tsanani, irin wanda ba a faɗa. Abin da ya sa na iya haɗiye shi shi ne wani labari da na tsara wa kaina. Na ce saboda Baba ta yi. Ta so shi har ba za ta iya zama da wani namiji ba, ni kuma karatuna ya tafi a kan soyayyar iyayena. Wannan hasara ce da mutum zai iya ɗauka, har ya ba da labarinta da ɗan alfahari. Na riƙe wannan kusan shekara guda.

Wata la'asar muna zaune a tsakar gida muna tsince waken gobe, tire ɗaya a tsakaninmu. Ta yi wanka ta shafa abinta, kamar yadda take yi kullum bayan ta wanke hayaƙin suya. Ban san abin da ya ba ni ƙarfin hali ba. Ban dube ta ba, na ce, "Mama, saboda Baba ne, ko?"

Ta ci gaba da tsinta.

"Ubanki? Da yana da rai da ya sa an fitar da kwalbar nan daga gidan. Shi na Faransa yake so, mai warin fure, ya sayo ya ajiye mini in shafa. Ciwon kai yake sa ni. Ban taɓa faɗa masa ba." Ta jefar da tsakuwa. "Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙan shi. Alhajin ma an ce mutumin kirki ne. Ni ce na gaji."

Na daina tsintar waken.

"Na san da karatunki na biya," in ji ta. "Tun kafin in tambayi kwalbar na sani. Ba zan ce miki ban sani ba."

Ta juyo da tiren, ta ce akwai sauran tsakuwa a ɓangarena.